Durwa da "Zo Mu Ci"

Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso!

Wani maharbi ne, sunansa Jatau. Yana da 'ya, Tasalla, da kare, Durwa. Tun Durwa yana ɗan kwikwiyo Tasalla ke goyon sa a zane, kamar ƙanenta.

Durwa akwai amana. A shanya nama a tsakar gida, ya wuni yana gadi, ko lasa ba ya yi. Amma Jatau ya zauna ƙofar gida, ya buɗe akushi, sai ka ji caraf! Durwa ya ɗauke tsoka.

Jatau ya ɗaure shi, ya tsinke igiya, caraf!

Jatau ya zuba wa nama barkono jawur, Durwa yana atishawa, yana hawaye, caraf!

Jatau ya ce, "Tasalla, na gaji. Ya ƙara sau ɗaya, zan kai shi daji in ɗaure wa kura."

Tasalla ta yi kuka har ta gode Allah. Da ta share hawaye sai abin ya ɗaure mata kai. Wane irin ɓarawo ne wannan, mai barin nama in ba kowa, ya ɗauka a gaban mai shi? Ta tuna na farko, mai itace ne ke wucewa. Ta tuna na biyu, mai nono ce. Na uku, wanzami. Ikon Allah! Kullum sai da mai wucewa.

Ta sami Durwa a gindin rumbu. Ta ce, "Durwa, me ya sa kake sata?"

Durwa ya miƙe zumbur. "Ni? Sata? Haba Tasalla! Kira ake yi, nake amsawa."

"Wa ke kiran ka?"

"Mai gida mana. Ya ɗaga murya ya ce, zo mu ci! Mai itace ya ƙi. Mai nono ta ƙi. Wanzami ya ƙi. To in bar shi ya ji kunya a ƙofar gidansa? Ranar barkonon nan bakina kamar wuta, na daure na cinye don kada ya ce na raina shi."

Tasalla ta riƙe baki. Ta ce, "Wayyo Durwa! Ai in an ce zo mu ci, cewa ake yi a ci lafiya, a wuce."

Durwa ya karkata kai. "In ba a son a ci, don me ake kira?"

Tasalla ta shafa kansa. Ta ce, "Haka muka taso muka tarar. Kai dai riƙe, ranka ne."

Washegari Jatau ya zauna, akushi a gaba, igiya a gefe. Ga mai tukwane yana wucewa.

"Zo mu ci!"

Durwa ya tashi. Tasalla ta zuba masa ido. Ya yi taku, yawu na zuba. Ya ƙara taku, jiki na rawa. Sai ya zauna daɓas, ya kaɗa wutsiya, ya ce, "A ci lafiya, mai gida."

Loma ta faɗi daga hannun Jatau. Tasalla ta kwashe labari ta faɗa masa, har da na barkono. Kunya ta kama shi, ya dubi igiya, ya dubi kare.

Ya ce, "Ashe duk garin nan kai kaɗai ka taɓa yarda da maganata." Ya ɗauko kasko, ya zuba tsoka mafi girma, ya ajiye gefe. "Durwa, da kai nake. Zo ka ci."

Shi ya sa har yau in kana cin abinci kare zai zauna nesa kaɗan yana kaɗa wutsiya. A ci lafiya yake ce maka, kai kuma kada ka manta da shi. Kafin ka hukunta mai laifi, tambaye shi abin da ya ji.

Ƙurunƙus, ta ƙare, kan kusu kuwa na bar wa Durwa.