Manomin Tumatir da Tsagar Bel

Yarana, sunan garin ya kuɓuce mini, haka ma wanda ya fara ba ni labarin. Amma abin da ya rage zai ishe mu.

Akwai wani manomi mai tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, ita kaɗai ce ƙafarsa zuwa kasuwa. Wata safiya ya cika ta da kwandunan tumatir, shi da ƙanensa Istifanus, suka biya wurin bakanike don a ƙara musu baƙin mai. Bakaniken ya buɗe murfin gaban injin, ya duba bel ɗin taimin, wanda ke sa kayan cikin inji su yi motsi tare, kowa a kan lokacinsa. Ga shi duk ya tsattsage.

Ya ce, "Maigida, in wannan ya tsinke a hanya, injin ya tafi ke nan. Sauya shi kuwa sai yamma."

Manomin ya dubi kwandunan. Rana ta fara zafi, ruwan tumatir har ya soma ɗiga.

Istifanus ya ce, "Haba Yaya! Motar da ke gudu kamar amarya? Mu yi addu'a kawai mu kama hanya. Ko bangaskiyarka ce ta tsage?"

Manomin ya ce, "Na yi addu'a tun kafin mu fito. Amsar ce aka buɗe mana muke kallo. Kwance shi, malam."

Ya sauke kwandunan ɗaya ɗaya zuwa inuwa, ya zauna. Motocin maƙwabta suna wucewa, ana yi masa ham ana dariya, bai tashi ba. Da aka gama gyaran suka isa, kasuwa ta watse, rabin kayan ya lalace. Amma motar ta komo da su gida, ta kuma yi ta ɗaukar amfaninsa shekara da shekaru.

Ma'anar misalin nan ke nan: bel ɗin zuciyarka ce, wadda ba mai gani. In Ubangiji ya nuna maka tsaga a ciki, ko ƙiyayya ko ƙarya, kada ka rufe ta da addu'a ka wuce. Tsaya ka gyara yau, ko da za ka yi hasara.

Daga baya na tambayi wani tsohon bakanike. Ya tabbatar mini cewa sau da yawa bel ɗin nan ba ya ko yin ƙara kafin ya tsinke. Sai wanda ya buɗe murfin ne yake gani.