Ƙugiyar da Ta Ceci Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ga da wacce ta zo.

Wata rana wata budurwa marubuciya mai suna Tasalla ta shigo daji da buhun gyaɗa. Ta ce tsofaffin tatsuniyoyi take sabuntawa, tana mai da su littafin samari da 'yan mata, mai takobin wuta da jarumi. Duk dabbar da ta ba ta labari mafi zafi, buhun ya zama nata.

Kurege ya dubi buhu, ya haɗiye yawu.

Ya ce, "'Yar nan, rubuta. Kin san Dodon bakin tafki? Ni na ƙare shi. Mari ɗaya."

"Baba Kurege, a tatsuniyar kakata ai gudu ka yi."

"Kakarki daga nesa ta hango. Zagayowa na yi."

Tasalla ta yi ta dannawa a waya. Kurege ya ja buhu bakin raminsa. Ya ci, ya ci, ya ci, har wuya ya ɓace.

Littafi ya fita, yara suka yi ta turawa waya zuwa waya. Ashe 'yar Dodo ma mayyar karatu ce. Ta karanta wa ubanta kaf.

Kura ce ta kawo albishir, tana dariya har da hawaye. "Jarumi, Dodo na tafe. Ya ce a gaya maka bai karya ba tukuna."

Gyaɗa ta tsaya wa Kurege a maƙogwaro. Ganye ya faɗo, ya zabura. Ƙasa ta ce dim. Ta sake cewa dim. Ya faɗa rami, kai ya shige, tumbi ya ƙi. Ya matsa, tumbi ya ƙi. Ya roƙi tumbi, tumbi ya ƙi. Sai ji ya yi an zaro shi ta wutsiya.

Dodo ya ɗaga shi saitin haƙora. "Kai ne ka ƙare ni?"

"Ranka ya daɗe, wa ya faɗa?"

"Littafi."

"A nuna mini, in mutu da ilimi."

'Yar Dodo ta miƙo waya. Kurege na lilo, ido ya cika da ƙwalla, ya karanto sunan littafi: "Ranar da Kurege Ya Kare Dodo." Ya sake dubawa. Ashe wayar Tasalla ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya!

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ƙugiya? Ƙare, kanta a lanƙwashe yake. Wannan a miƙe take kamar sanda. Kare ka na yi! Wannan ne tukuicina?"

'Yar ta ce, "Baba, wayo yake maka."

Kurege ya ce, "Yaran zamani ke nan, su liƙa ƙugiya inda babu."

Dodo ya sosa ƙeya. "To, daga wa ka kare ni?"

Kurege ya ja shafi da farce, ya ja, ya ja, sai ga wurin da ake dambe. "Ga shi nan: kura ta taso ta rufe Dodo."

Dodo ya waiwaya a hankali. Kura na gefe, ta zo kallo, dariya ta bushe mata a baki.

Ta ce, "Ƙura ce, ranka ya daɗe! Ƙurar ƙasa!"

Kurege ya ce, "Ina ƙugiya?"

Dodo ya yar da shi, ya rufa wa Kura baya. Ranar dai ƙura ta tashi, mai ƙugiya sosai. Kurege kuwa tsoro ya riga ya sace masa tumbi, sulul ya shige rami.

Yana nan ciki har yanzu, ba ya cikakken barci. Duk wanda ya fito daga gari sai Kurege ya leƙo ya tambaye shi: "Don Allah, Tasalla ba ta sake waya ba ko?"

Ƙurunƙus, kan Kurege a rami! Yara ku riƙe wannan: ƙarya ba kyau. In kuwa ta kama dole, a yi wa mai tsohuwar waya.