Bututun da Ya Wuce Ranar Juma'a

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Ana ce masa Tasi'u. Injiniya ne, amma in ka gan shi a layin famfon masallaci riƙe da butarsa, sai ka ɗauka mai gadi ne. Na baya, ku matso, ku bar wayoyin nan su huta.

Tasi'u yana aiki a wata masana'antar kayan asibiti. Abin da sashensa ke yi shi ne ɗan siririn bututun roba da ake zura wa jariri a maƙogwaro idan numfashi ya gagare shi. Ba hannun mutum ke yi ba. Injuna ne ke narka robar, su ja ta, su yanka, su sa a leda su liƙe. Shi aikinsa ya saita su, ya tabbatar ba su kauce ba.

Ɗakin da injunan suke babu taga, ko ƙuda bai taɓa shiga ba. Fitilu ta ko'ina, har mutum ba ya ganin inuwarsa. Duk mai shiga sai ya sa fararen kaya daga kai har ƙafa, ya rufe baki da hanci, idanu kawai a waje. Wanda ya taɓa yi wa mamaci sutura ya san abin da nake nufi. Hannuwan ƙarfe suna ta miƙewa suna lanƙwashewa, ba gaisuwa, ba hira.

A ƙarshen layin akwai wata kyamara da suke kira ido. Kowane bututu sai ya wuce ta gabanta, in ta ga toshasshe sai iska ta hure shi cikin kwando. To ku saurara, nan maganar take. Da yake ido ma yana makancewa, suna da wata al'ada: kafin a tashi hutu, injiniya zai ɗauko wani bututu da aka toshe da gangan, ya jefa shi cikin masu kyau, ya tsaya ya ga ko idon zai kama shi. Ana shafa masa jan fenti a baki don a gane shi. Na Tasi'u fentin ya koɗe, ya daɗe yana cewa gobe zai sake shafawa. Gobe. Duk mun san goben nan.

Wata Juma'a, ana haramar tafiya masallaci, ya jefa bututun. Yana jefawa, shugaban sashensu, wani Alhaji Mamuda, ya ƙwanƙwasa gilashin ƙofa daga waje ya yi masa sallama. Ai ba a barin sallama a ƙasa. Tasi'u ya juya ya amsa, ya ji ƙarar iska a bayansa, ya ce a ransa ai bututun ya faɗa kwando. Ya fita ya bi jama'a, aka bar injuna suna ta yi su kaɗai, don su ba sa zuwa Juma'a.

Yana cikin sujada, goshinsa a ƙasa, sai ya tuna bai ɗauko bututun daga kwandon ba.

Ana sallamewa ya riga kowa komawa. Ya sa fararen kayan, ya shiga, ya leƙa kwando. Wayam. Ya duba idon, sai ya ga fitilarsa ta dushe. Bututun ya wuce, an liƙe shi a leda, yana cikin kwalayen da ke jere har rufi, ba abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa.

A nan ne ya fara ji. Ƙarƙashin ƙarar injuna akwai wani sauti, ƙarami, kamar jariri yana jan numfashi yana kasa kaiwa. Ya ja, ya tsaya. Ya ja, ya tsaya. Tasi'u ya nufi inda sautin yake, sai ya koma bayansa. Ya toshe kunne, bai ragu ba. Kada wani ya tare ni bayan an tashi yana tambaya ko aljani ne. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne tsoro ya kama shi.

Alhaji Mamuda ya shigo ya same shi a tsaye.

"Injiniya, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, bututun gwaji ya wuce. Idon ya makance."

Alhaji Mamuda ya waiga, ya ga ba kowa. Ya rage murya ya ce, "Wa ya gani?"

"Ba kowa."

"To ka gani. Motar kaya tana bakin ƙofa. In ka danna jan maɓallin nan na tsayar da aiki sai an farke duk ledojin, kuma ledar da aka farke shara ce. Za a tambayi wanda ya juya wa gwaji baya. Kana da iyali, Tasi'u. Gyara fitilarka mu ci gaba, ai likita zai duba kafin ya zura."

"Ranka ya daɗe, ba ka jin komai?"

"Iska ce a fayif," in ji Alhaji Mamuda, bai ko dube shi ba.

Ku lura, jama'a. Tasi'u bai faɗa masa irin abin da yake ji ba.

Bawan Allah ya tsaya. Ya tuna 'ya'yansa, ya tuna yadda ake neman aiki a garin. Ya kuma tuna akwai wata uwa a wani wuri, ba ta san shi ba, za ta miƙa ɗanta ga likita, likita ya farke leda cikin sauri don ba lokacin dubawa. Sautin ya ja, ya tsaya. Sai ya ce bismillah, ya danna.

Injuna suka mutu. Ɗakin ya yi tsit, ban da numfashin nan.

Ya je gaban manya da ƙafarsa ya ce, "Laifina ne. Na juya baya, kuma ban shafa fenti ba." Bai ambaci sallamar kowa ba. Aka mayar da mota babu kaya. Ya zauna yana farke leda yana hura iska a bututu ɗaya bayan ɗaya, kwana da kwanaki, sautin yana tare da shi ko a gida. Kafin ya gama ya tara toshassu cike da tafin hannu, waɗanda makahon ido ya bari suka wuce. Nasa mai koɗaɗɗen fenti shi ne ya fito daga baya. Yana riƙe shi, sautin ya ja dogon numfashi, ya sake, ya yi shiru.

Ba a ba shi lambar yabo ba, kada ku jira in ce an ba shi. An sauke shi daga muƙaminsa, aka mayar da shi kula da injin ruwa a bayan masana'anta. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da zuwa da butarsa.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana bayan La'asar, Alhaji Mamuda, ya tsufa ya rame, ya same shi a gindin tankin ruwa ya zauna kusa da shi.

"Tasi'u, naka ya daina?"

"Tun ranar, ranka ya daɗe."

Alhaji Mamuda ya ce, "Ni tun kafin ka zo kamfanin nan wani ya wuce a hannuna, na yi shiru. Nawa bai daina ba. Yanzu haka ina jin sa."

To, 'yan uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ita ce abin da ka yi da kuskurenka a lokacin da ba wanda ya gani. Kai bakanike da ka bar noti bai ɗauru ba ka ce ai zai kai shi gida, kai magini da ka rufe tsagewa da filasta, ke mai shagon magani da kika ga kwanan wata ya wuce kika juya kwalbar, abin ya bar hannunku amma bai ɓace ba, yana tafiya zuwa ga wani. Idon na'ura yana dushewa, idon shugaba yana kauda kai, amma Allah yana gani. In akwai abin da ya wuce a hannunka, tashi ka bi shi yau, tun mota ba ta tashi ba. Allah ya ba mu ikon tsayar da aiki mu ce laifinmu ne.