Ƙafafun Nomau Mai Haƙar Rijiya

An ce wai a zamanin Sarki Barmo akwai wani mai haƙar rijiya, sunansa Nomau. Ƙasa kawai yake damƙa ya shinshina, ya ce a haƙa nan, kuma bai taɓa kuskure ba. Sarki ya ba shi gida da alkyabba da jakuna biyu. Amma Barmo mutum ne mai rowar abin da yake so, sai ya kafa doka: duk mai sana'ar da ya fita ganuwa ba izini, a sa masa marin ƙarfe a ƙafa har mutuwarsa.

Ana nan sai rijiyar ƙauyen su Nomau ta rufta, danginsa suka koma shan ruwan kududdufi. Sau uku yana roƙon izini ana hana shi. A na huɗu bai roƙa ba, ya saɓi dagi ya kama hanya. Dogarai suka tare shi, suka kai shi gaban Alƙali Muhtari, sarki na zaune.

Alƙali ya ce, "Nomau, ka san dokar?"

Ya ce, "Allah ya gafarta malam, na sani. Ƙishirwar mutanena ce ba ta sani ba."

Alƙali ya ce, "Wanda ya saɓa wa sarki, sarki na da ikon karɓe duk abin da ya ba shi. A kawo su."

Aka tuɓe alkyabba, aka jawo jakuna, aka ajiye makullin gida. Sarki ya ce, "Saura ƙafafun."

Alƙali ya ce, "Ranka ya daɗe, a wace shekara ka ba shi su? Faɗa mini in rubuta. Da su uwarsa ta haife shi, tun ba a aza tubalin ganuwar nan ba. Wanda ya ba shi su, shi ya ba ka naka, kuma bai ba ɗayanku ƙafafun ɗayan ba."

Barmo ya dubi ƙafafun kansa, ya daɗe yana dubansu, kunya ta kama shi. Can ya ce, "A buɗe masa ƙofa. A bar ta a buɗe ga kowa."

Nomau ya fita daga shi sai ƴar shara, yana kukan murna. Bayan kwana goma sha biyu ƙauyensu ya sha ruwa garai.

Abin da sarki ya bayar, sarki na iya karɓa. Abin da aka haifi mutum da shi, aikin sarki ne ya tsare masa shi.