Ruwan Alwala Na Hucewa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai an faɗi sunansa ba, tun zamanin da waya ba ta shiga hannun kowa ba. Ana ce masa Malam Sallau. A gidan rediyon garin yake aiki, gidan da ba a kiɗa, sai magana zalla. Amma kada ku ɗauka wani babba ne. Shi ne mai karanta cigiya: akuyar wane ta ɓata, jakin wane ya tsinke, an tsinci makulli a bakin kasuwa. Abokan aikinsa har suna suka sa masa, wai Sarkin Awaki. Da ya shigo sai su ce, "Ranka ya daɗe, yau ta wa ta ɓata?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Taka ce, muna nan muna nema."

Buri ɗaya ne a ransa, ya samu fili nasa na kansa. Ya daɗe yana bin tsofaffi gida-gida yana tattara tarihin rijiyoyin garin, wa ya haƙa, me ya sa aka sa wa kowace sunanta.

To, ku saurara. Sai ranar bikin tunawa da buɗe gidan ta zo, aka cika yinin da shirye-shirye tun asuba. Karatun Alƙur'ani, labarai, filin manoma, filin girke-girke, muhawarar 'yan kasuwa, likita mai amsa tambayoyi, tatsuniya. Don a samu wuri har aka soke cigiya a ranar. Shugaban shirye-shirye, Alhaji Korau, ya kira Sallau ya ce, "Na ba ka bayan la'asar ka kawo rijiyoyin nan naka. In ka yi kyau, filin ya zama naka. In ba ka yi ba, ka koma wa awakinka."

Sallau ya sa rigarsa ta Sallah. Ana filin manoma yana bita a zaure. Ana koya wa mata miyar zogale, shi bakinsa na motsi da sunayen rijiyoyi.

Bayan azahar sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, ƙafafunta duk taɓo, tana tambayar mai cigiya. Sunanta Delu. Sallau ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, me ya ɓata?"

"Maigidana ne, ɗan nan. Tsufa ya taɓa masa tunani. Tun safe ya fita ina wanke-wanke. Kullum rafi yake nufa, ga shi ya cika ya kawo."

"Subhanallahi. Yaya sunansa?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba, ɗan nan! Tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunan nan ba, sai yau da furfura? Kuma ko an faɗa, shi kansa ya manta da shi. A kira shi da shi ba ya waigowa."

"To kamanninsa fa?"

"Tsoho ne, da farar riga da farin gemu."

Jama'a, rabin tsofaffin garin ke nan! Wani da nan zai sallame ta. Shi kuwa Sallau sai ya gyara durƙuso ya ce, "Inna, ki yi tunani. Me ya rage da yake ganewa?"

Ta ɗan yi tunani. Can ta ce, "In yamma ta yi nakan ɗumama masa ruwa in zuba a buta, in ce, Malam, ruwan alwala na hucewa. Ko ina yake a gidan sai ya taso. Amma sai da muryata. 'Yarmu ta gwada, bai kula ta ba."

Sallau ya tafi wurin Alhaji Korau ya yi masa bayani. Alhaji ba mugu ba ne, aiki ne ya sha masa kai. Ya ce, "Sallau, kowane fili da baƙonsa a zaune, wa zan tayar? Naka kaɗai ne babu baƙo. In za ka ba ta, ba ta. Amma ka sani yau ce ranar gwajinka, ba ni da wata."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ga shi a tafin hannunsa. Ga kuma wata da bai taɓa gani ba, ba dangin uwa ba na uba. Zuciyarsa ta ce, bari sai gobe a yi cigiyar. Sai ya tuna rafin ba zai jira gobe ba.

Da aka yi la'asar, ya kama hannun Inna Delu ya shiga da ita ɗakin watsa shiri. Aka kunna jar fitila, alamar duk gari na jin su. Ya yi sallama ya ce, "Masu sauraro, yau na yi niyyar ba ku tarihi, amma ga abin da ya fi shi gaggawa. Duk mai rediyo ya ƙure muryarta, ya fito da ita ƙofar gida, ko bakin shago, ko bakin hanya. Ku duba tsohon da zai miƙe."

Tsohuwa ta ga abin magana a gabanta, murya ta ƙi fita. Sallau ya ce a hankali, "Inna, rufe idonki. Kina bakin murhu, buta na hannunki."

Ta rufe ido. Ta ce, "Malam, ruwan alwala na hucewa."

Ta sake faɗa. Ta kuma sakewa. Sallau na roƙon mutane su duba gefensu, ita tana kira, har lokacin ya ƙare ƙaf, ko rijiya ɗaya bai ambata ba. Likita ya shigo ya karɓi kujera.

Suka fito zaure suka zauna. Shiru, babu wanda ya zo da labari. Wani abokin aikinsa ya wuce ya ce, "Sarkin Awaki, yau ka yi kyauta da damar taka." Sallau ya tashi ya kawo wa Inna ruwan sha.

Rana ta yi ja, ana shirin tatsuniya, sai aka ji hayaniya daga bakin titi. Mutane ne cike da hanya, suna kabbara, mata na guɗa ta kan katanga. A gaba wani mai shayi ne daga mashigin rafi, yana tura keke, tsoho na zaune a kai ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu.

Mai shayin yana haki ya ce, "Tun hantsi yake zaune kusa da teburina. Ɗazu ya tashi ya nufi ruwa, har ya sa ƙafa. Na ƙure rediyo kamar yadda aka ce. Wallahi sai ya tsaya cak, ya juyo yana naɗe hannun riga, yana cewa, ga ni nan, ga ni nan!"

Tsoho ya sauka, ya dubi Inna Delu, ya ɓata rai ya ce, "Ke dai kin cika gaggawa. Ina butar?"

Wurin ya kaure da dariya da kuka gaba ɗaya. Alhaji Korau da kansa ya shiga ya dakatar da tatsuniya, ya ja Sallau zuwa kujera ya ce, "Zauna ka gaya wa gari an gan shi. Kuma daga yau bayan la'asar taka ce." Rijiyoyin ma daga baya duk ya ba da tarihinsu, ɗaya bayan ɗaya. Amma mutanen garin ba su taɓa kiran filin da wani suna ba sai Ruwan Alwala.

To 'yan'uwa, kun ji. Abin da mutum ya saki domin Allah bai ɓata ba, Allah yana mayar masa da wanda ya fi shi. Kowa a cikinmu yana da bayan la'asar tasa, wani ɗan abu da ya daɗe yana jira, yana ji da shi. Wata rana mai buƙata zai tsaya a ƙofarki, ko a ƙofarka, daidai lokacin da ba ka son a tsaya. Kada ka ce masa sai gobe. Durƙusa ka tambaye shi me ya ɓata. Allah Ya sa in ranar ta zo mu iya buɗe hannu. Amin.