Dokin da Ya Cinye Dangarsa

Ga ta nan, ga ta nan, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, muna saurare.

Wata Laraba da hantsi, gobara ta cinye ingiricin Doki, wato busasshiyar ciyawar da ya tara domin rani. Maƙwabcinsa Jaki ya kawo masa harawar wake da yankakken karan dawa.

"Yaya, ka riƙa ci kaɗan-kaɗan har cikinka ya saba."

Doki ya ɗaga hanci. "Ni da kara? Ciyawa na gada, ita zan ci."

Da yunwa ta matsa, sai ya dubi dangar zanar da ta kewaye gidansa. Ya ce a ransa, ai gamba aka saƙa, gamba kuwa ciyawa ce. Yau ya zari nan, gobe ya zari can.

Ran nan Jaki ya zo gaisuwa, ya tsaya cak.

"Yaya, ina dangarka?"

"Tana cikina," in ji Doki.

"Ka cinye abin da ya raba ka da Kura?"

Kafin Doki ya amsa, sai ya ji sallama a bayansa.

"Na ga an buɗe, na ce bari in shigo mu gaisa," in ji Kura, tana lasar baki.

Doki ya waiga. Ya zabura, Kura ta cafke wutsiyarsa, ya tsira da rabi. A gidan Jaki ya ƙarasa rani, yana cin harawa da kara.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.