Hawainiya da Mutum-mutumin Masaƙa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Hawainiya ce mai duba atamfa a masaƙar Giwa. Shekara talatin ba aibin da ya taɓa wuce ta, amma yanzu idonta ya fara hazo, ta ɓoye wa kowa.

Ran nan Giwa ta sayo mutum-mutumi mai hannun ƙarfe da idon gilashi. Ya rusuna a gaban Hawainiya ya ce, "Iya, ina ƙirga zare dubu kafin ki ƙifta ido, amma ban san mai kyau da marar kyau ba. Ki koya mini."

Dila ya ja ta gefe ya ce, "Koya masa a baibai. In ya iya, ke za a kora."

Hawainiya ta ce, "Ban taɓa ha'intar ɗalibi ba." Ta koya masa duk abin da ta sani.

Ranar da ake saƙa kayan bikin Zaki, sai mutum-mutumi ya tsayar da injina cak, ya ce zare ɗaya ya tsinke. Aka kira Hawainiya. Ta duba, ta sake dubawa, jikinta ya yi fari fat.

Ta ce wa Giwa, "Ranki ya daɗe, ni ban gani ba, idona ya gaza. Amma ku yarda da shi."

Aka warware atamfar, sai ga tsinkakken zare.

Giwa ta yi murmushi ta ce, "Malama, gobe irinsa goma za su iso. Ki shirya, aji ya cika."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta tsaya.